Layi Ɗaya Ko Layi Biyu: Asalin Tsinken Gwajin Maleriya da Iyakarsa

A cikin kayan aikin likitanci da aka ƙirƙiro a rabin ƙarnin da ya wuce, ban san wanda ya yaɗu a hannun talakawa kamar ɗan farin tsinken nan na roba ba, wanda ake ɗiga wa jini ko fitsari a zauna jiran fitowar layi. Da shi ake gwada zazzaɓin cizon sauro a asibitin karkara, shi mata ke saye a kemis don gwajin juna biyu, da irinsa ake duba cutar ƙanjamau da ciwon hanta kafin ɗaurin aure, kuma shi ne duniya ta yi ta amfani da shi a gida a shekarun korona. Sunayen kamfanonin da ke jikin kwalayen sun bambanta, amma abin da ke cikin robar kusan iri ɗaya ne, dabarar da ke tafiyar da shi kuma guda ce. Arharsa da ƙanƙantarsa sun sa ba a cika girmama shi ba, har wasu ke ganin cewa gwajin da ba a yi da babbar na'ura mai cin wuta ba bai kai a kira shi gwaji ba. Ni kuwa ina ganin masu ƙirƙirarsa sun yi nasu aikin, kuma sun yi shi da kyau. Inda gizo ke saƙar shi ne yadda muke karɓar amsar da yake bayarwa, musamman idan layi ɗaya ya fito maimakon biyun da muke tsammani.

Tarihin tsinken bai fara da maleriya ba, da gwajin ciki ya fara. A 1927 wasu likitoci biyu a birnin Berlin na Jamus, Selmar Aschheim da Bernhard Zondek, suka nuna cewa fitsarin mace mai juna biyu yana ɗauke da wani sinadari da jiki ke sakewa jim kaɗan bayan shigar ciki, wanda yanzu ake kira hCG. Da yake ba su da hanyar ganin sinadarin kai tsaye, sai suka riƙa yi wa ƙananan ɓeraye mata allurar fitsarin, bayan 'yan kwanaki a yanka su a duba ko ma'ajiyar ƙwansu ta kumbura. Daga baya aka koma kan zomaye, sannan a farkon shekarun 1930 masu bincike a birnin Cape Town suka gano cewa akwai wani nau'in kwaɗo na Afirka ta Kudu wanda idan aka yi wa macensa allurar fitsarin mai ciki, za ta zuba ƙwai kafin a yi kwana guda, kuma ba sai an kashe ta ba. Har cikin shekarun 1960 ana ɗibar kwaɗin nan daga Afirka zuwa asibitocin Turai da Amurka. Ke nan na'urar gwajin wancan zamani dabba ce mai rai, wadda sai an ciyar da ita an kula da ruwanta, kuma macen da ke son sanin halin da take ciki sai ta bi ta hannun likita ta jira kwanaki.

Yunƙurin farko na fitar da gwaji daga ɗakin gwaje-gwaje ya zo ne ta ɓangaren ciwon suga. A da sai an zuba fitsari a cikin wani shuɗin ruwan sinadari an tafasa a kan wuta, sannan a duba canjin launi. A 1956 wasu miji da mata masana haɗa sinadarai, Alfred da Helen Free, da ke aiki a kamfanin Miles Laboratories a garin Elkhart na jihar Indiana a Amurka, suka fito da Clinistix, wato 'yar takarda da aka jiƙa da sinadarin da ba ya aiki sai ya haɗu da suga, aka busar. A tsoma ta a fitsari a ciro, launinta ya ba da amsa. A 1965 kamfanin ya fito da makamanciyarta ta jini, a 1970 kuma aka samu na'urar farko mai karanta launin, wadda nauyinta ya haura kilo guda. Darasin da wannan ya bar wa masu zuwa shi ne cewa ana iya busar da dukan aikin ɗakin gwaji a kan takarda, ya zauna watanni yana jiran ɗigon ruwa ya tashe shi. Sai dai suga abu ne mai yawa a jinin mai ciwon, alhali sinadarin ciki ko na ƙwayar cuta bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta, don haka kama shi yana buƙatar wata dabara ta daban.

Kafin a kai ga wannan dabarar akwai wata mata da ta cancanci a ambace ta, ko da yake ba likita ba ce kuma ba masaniyar kimiyya ba. Margaret Crane mai zane ce da kamfanin magunguna na Organon ya ɗauka a jihar New Jersey don tsara kwalayen kayan kwalliya. A 1967, tana da shekara 26, ta shiga ɗakin gwajin kamfanin ta ga jerin kwalabe a kan madubi, aka gaya mata gwajin ciki ne, kuma amsar ita ce wani zobe da ke kwantawa a gindin kwalbar. Sai ta ga ai babu abin da zai hana mace ta yi wannan da kanta. Ta ɗauki wata 'yar robar ajiye ƙusoshin maƙale takarda, ta kafa kwalba a ciki da madubi a ƙasa, ta kai wa shugabanninta. Da fari ba su yi na'am ba, don suna tsoron ɓata wa likitoci rai, su da suke manyan masu sayen kayansu. An dai nemi takardar haƙƙin ƙirƙira da sunanta a 1969, aka fara sayar da abin da sunan Predictor a Kanada a 1971, bai shiga kasuwar Amurka ba sai 1977. Yana ɗaukar awa biyu, kuma ko girgiza tebur aka yi amsar na iya lalacewa. Abin da ta ƙirƙiro ba sinadari ba ne, tunanin cewa wanda ba ma'aikacin lafiya ba zai iya karanta amsar jikinsa ne, kuma gardamar da aka yi da ita a lokacin ita ce har yau ake yi a kan gwajin maleriya a kemis da gida.

Dabarar da ake jira ta fito daga garkuwar jiki. Duk lokacin da baƙon abu ya shiga jini, jiki yana ƙera wasu furotin da ake kira antibodi, kowanne an yi shi ne don ya kama abu guda, ya bar sauran. Masu bincike sun daɗe da sanin cewa ana iya amfani da su wajen farautar sinadari a cikin jini, kuma Rosalyn Yalow ta samu kyautar Nobel a 1977 saboda hanyar da ita da Solomon Berson suka fito da ita ta auna sinadarin insulin da su. Matsalar ita ce daga jinin zomo ko akuya ko tunkiya ake samo su, a gauraye, na wannan dabba daban da na waccan, ta yadda kamfani ba zai iya ba da tabbacin cewa kayan bana daidai suke da na bara ba. A 1975 César Milstein, haifaffen Ajantina, da Georges Köhler, Bajamushe, suna aiki a Cambridge ta Ingila, suka haɗa ƙwayar halitta mai ƙera antibodi daga saifar ɓera da ƙwayar ciwon daji wadda ba ta daina hayayyafa. Abin da suka samu ƙwaya ce da za ta yi ta zuba antibodi iri ɗaya tak har illa ma sha Allah. Sun samu Nobel a 1984. Ba a yi wa wannan ƙirƙira rajistar haƙƙin mallaka ba, abin da ya jawo ƙorafi a Birtaniya daga baya, amma a ganina hakan ya yi wa duniya rana, domin kowane ɗakin bincike ya samu damar ɗauka ya yi aiki da ita.

Wajen ƙarshen shekarun 1980 aka haɗa waɗannan abubuwa wuri guda. Kamfanoni da dama suka nemi haƙƙin ƙirƙira a kan dabaru masu kama da juna cikin ɗan lokaci, abin da ya haifar da shari'o'i na shekaru, amma wanda ya fara shiga hannun jama'a shi ne Clearblue mai mataki ɗaya, da kamfanin Unipath, reshen Unilever a garin Bedford na Ingila, ya fitar a 1988. Awa biyun Margaret Crane ta dawo minti uku.

Ya kamata a buɗe robar a ga abin da ke ciki, don yawancin rashin yardar da ake yi wa gwajin daga rashin sanin cikinsa yake tasowa. Idan aka ɓare murfin na maleriya da aka riga aka yi amfani da shi, za a tarar da siririyar takarda wadda tsawonta bai wuce ɗan yatsa ba, amma a haƙiƙa yanki huɗu ne aka jera, bakin kowanne a kan na gabansa. Na farko shi ke karɓar jinin da ruwan gwaji. Na biyu ɗan ƙyalle ne da aka busar da antibodi a cikinsa, kowanne a manne da ƙwayar garin zinariya. Na uku ita ce farar takardar da ake hangowa ta tagar, an yi ta da nitiroselulos, wani abu mai ƙananan ramuka da furotin ke maƙalewa a jikinsa, kuma a kanta aka ja layi biyu na antibodi da ido ba ya gani. Na huɗu audugar da ke zuƙe ruwan a can ƙarshe. Babu batir, babu famfo. Ruwan da kansa yake tafiya, kamar yadda kananzir ke hawa lagwanin fitila. Jinin da ake buƙata bai fi maikirolita biyar ba, wato ƙasa da ɗigo guda sosai. Ruwan gwajin yana fasa jajayen ƙwayoyin jini, duk abin da ƙwayar maleriya ta zuba a ciki ya fito fili, sannan ya tayar da busassun antibodi masu zinariya su biyo shi. Idan akwai furotin ɗin cutar, sai su kama shi ta gefe guda su tafi da shi, da sun isa layin farko antibodin da aka dasa a wurin su cafke shi ta ɗaya gefen. Zinariyar ta taru a nan, layi ya fito. Idan babu furotin ɗin, babu abin da zai haɗa su da layin, sai su wuce.

Jan da ake gani ba jini ba ne, zinariya ce ta gaske, sai dai an mayar da ita ƙwayoyi ƙanana ƙwarai, faɗin kowacce kamar kashi 40 cikin miliyan na milimita guda, kuma a wannan girman zinariya ba ta walƙiya, ja take komawa. Michael Faraday ya yi bayanin wannan a Landan tun 1857, ba tare da sanin inda za a kai shi ba.

Layi na biyu, mai alamar C, shi ne a wurina mafi hikima a cikin dukan ƙirar. An dasa masa antibodin da ke kama masu zinariyar ko da cuta ko babu, saboda haka fitowarsa shaida ce cewa ruwa ya ratsa takardar har ƙarshe kuma sinadaran ba su mutu ba. Na'ura ce mai ba da shaida a kan kanta kafin ta ba da shaida a kan majiyyaci. Idan layin nan bai fito ba, babu amsa, ko da ɗayan ya fito, sai a jefar a sake. Idan shi kaɗai ya fito, to amsa ce cikakkiya: an duba, ba a samu ba.

Shigar wannan dabara fagen maleriya ta zo a kan gaɓa. Tun da likitan sojan Faransa Alphonse Laveran ya hango ƙwayar cutar a jinin wani majiyyaci a garin Constantine na Aljeriya a 1880, madubin likita ne hanyar tabbatar da ita, kuma har yau idan aka samu ƙwararre mai haƙuri da rini mai kyau da gilashi mai tsabta, madubin yana faɗin abin da tsinke ba ya iya faɗa, wato nau'in ƙwayar da yawanta. Amma waɗannan sharuɗɗa ba su cika haɗuwa a ƙauye ba, don haka shekara da shekaru ƙa'idar ita ce duk yaron da jikinsa ya yi zafi a yankin sauro a ba shi maganin maleriya. Hakan ya yiwu ne saboda kulorokwin ba shi da tsada. Da ƙwayar ta daina jin sa, ƙasashe suka koma magungunan haɗi masu sinadarin atemisinin, Nijeriya ta yi haka a 2005, kuma su masu tsada ne da ba a son a yi ta rabawa barkatai. A tsakiyar shekarun 1980 an riga an gano cewa nau'in falsifarum, wanda ya fi kisa kuma ya fi yawa a Afirka, yana zuba wani furotin mai suna HRP2 da yawa a cikin jini. A farkon shekarun 1990 kamfanin Becton Dickinson ya fito da ParaSight-F mai farautar wannan furotin, aka gwada shi a ƙasashe irin su Tanzaniya da Kenya. A 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sauya shawararta, ta ce a tabbatar da cutar da gwaji kafin a ba da magani, ga yara da manya baki ɗaya.

Da kasuwa ta buɗe, kamfanoni suka yi caa, mai kyau da maras kyau. Daga 2008 Hukumar da abokan aikinta suka fara tara kayan kamfanoni suna gwada su da jini mai ƙwayoyi 200 kacal a maikirolita, sannan da mai 2,000 ko sama da haka, suna kuma ajiye su a cikin zafi su sake gwadawa, suna wallafa sakamakon da sunan kowane kamfani. Zagayen farko ya nuna cewa da yawa ba sa gani idan ƙwayoyin ba su da yawa. Da masu sayen kaya na duniya suka daina sayen waɗanda suka faɗi, ingancin ya riƙa hawa zagaye bayan zagaye. Ba kasafai ake lissafa irin wannan aiki a cikin ƙirƙira ba, amma in ba don shi ba, da tsinken ya mutu da kunya tun a shekarunsa na farko.

Duk wanda ya taɓa zama a layin asibitin sha-ka-tafi a tsakiyar damina ya ga yadda ake yi. Ma'aikaciya za ta yage ledar, ta rubuta sunan yaro da lokaci da biro a jikin robar, ta goge masa yatsa da auduga, ta soka, ta ɗebi jinin da wani ɗan tsinke mai zobe a baki, ta sa a ƙaramin rami, ta ɗiga ruwan gwaji a babban, sannan ta jera shi a gefen tebur kusa da na sauran yara. Na ga wata uwa ta zuba wa na ɗanta ido tun daga sanda ruwan hoda ya fara rarrafe a tagar har ya washe, aka bar layi ɗaya. Ma'aikaciyar ta ce, “Hajiya, ba maleriya ba ce, bari in duba ƙirjinsa da kunnensa.” Ita kuwa ta ce, “Haba Malama, yaron da jikinsa ke zafi rau tun shekaranjiya? Ki dai taimaka ki rubuta mana maganin.” A fuskarta babu alamar farin ciki, sai ka ce an hana ta haƙƙinta. Kuma ban ga laifinta ba, domin ta biya kuɗin mota, ta bar aikin gida, kuma maleriya cuta ce da ta sani, ta san maganinta, ta san kwanakin da yake ɗauka. “Ba maleriya ba ce” kuwa ƙofa ce zuwa ga abin da ba ta san iyakarsa ba. Idan ba a gamsar da ita a nan ba, sai ta nufi kemis na bakin hanya, inda za ta ce a haɗa mata na maleriya da taifod a ba ta ba tare da tambaya ba.

Wannan hali ba na iyaye kaɗai ba ne, har da masu farin kaya. Wani bincike da aka yi a arewa maso gabashin Tanzaniya, aka wallafa a 2007, ya gano cewa fiye da rabin waɗanda tsinken ya nuna ba su da cutar an rubuta musu maganinta duk da haka. Senegal kuwa, da ta shigar da gwajin a asibitocin gwamnati daga 2007 tare da horo da sa ido, ta ga yawan maganin da ake rabawa ya faɗi ƙwarai cikin shekaru kaɗan, abin da ke nuna cewa halin yana canzuwa idan aka dage. Asarar da ke cikin ƙin yarda da layi ɗaya ta wuce ta kuɗin magani. Yaron da zazzaɓinsa na ciwon huhu ne, ko na sanƙarau, ko na ciwon kunne ko mafitsara, yana shan maganin da ba nasa ba kwana uku, ainihin cutar tana cin sa. Ga kuma ƙwayar maleriya da ta fara nuna alamun jure wa atemisinin a Ruwanda da Yuganda da Eritriya, alhali babu wani magani a hannu da zai maye gurbinsa nan take. Abin mamaki shi ne mutanen da ke zargin tsinken su ne ke karɓar sakamakon gwajin Widal na taifod ba musu, gwajin da aka ƙirƙiro tun 1896, wanda a yankin da mutane suka saba haɗuwa da ƙwayar yakan nuna akwai ko da babu. Ina zargin dalilin shi ne shi Widal ba kasafai yake sallamar mutum hannu rabbana ba. Lamarin ya shafe mu fiye da kowa, domin a cikin mutum miliyan 263 da aka ƙiyasta sun kamu da cutar a duniya a 2023, kimanin kashi ɗaya cikin huɗu 'yan Nijeriya ne, kuma Nijeriya da Nijar suna cikin ƙasashe huɗu da ke ɗauke da fiye da rabin mace-macen.

Duk da haka ba zan ce shakkar ba ta da tushe ko kaɗan ba, sai dai ya kamata a ajiye ta inda ta dace. Antibodi furotin ne, zafi yana lalata shi. Yawancin kwalayen an rubuta a ajiye su ƙasa da digiri 30, wasu 40, alhali a watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram iskar waje ma takan haura 40, balle shago mai rufin kwano ko bayan motar dakon kaya. Danshi ma yana ɓata shi, shi ya sa ake sa 'yar jakar nan mai shanye laima a cikin ledar, kuma ba a yage ledar sai an shirya soka yatsa. Akwai masu sa jini fiye da ƙima ya rufe tagar da ja, akwai masu maye ruwan gwajin da ruwan famfo ko na wani kwali idan nasu ya ƙare, akwai masu karantawa a minti biyar saboda layi ya yi tsawo, ko bayan awa guda lokacin da wani dishi-dishin layin ƙarya ke iya bayyana. Lokacin da aka rubuta a kwali, minti 15 ko 20 a mafi yawansu, shi ne abin bi. Sannan akwai wani aibi na asali: HRP2 yana daɗewa a jini makonni bayan an kashe ƙwayoyin, saboda haka wanda ya gama shan magani makon jiya zai iya ganin layi biyu ya ɗauka maganin bai yi ba. A nan layi biyun ne ke yaudara, ba ɗayan ba, amma da wuya ka ji wani ya yi gardama da shi.

Barazanar da ta fi girma daga ƙwayar kanta ta fito. A 2010 masu bincike suka bayyana cewa a yankin Amazon na ƙasar Peru akwai falsifarum da ba ta ɗauke da ƙwayar gadon da ke ƙera HRP2 kwata-kwata, wato tana sa ciwo, tana iya kisa, amma tsinken ba ya ganin ta. A Eritriya ma'aikatan lafiya ne suka fara ƙorafin cewa madubi yana nuna cuta tsinke yana cewa babu, aka bincika aka tarar da gaskiyarsu, ƙasar ta sauya nau'in gwajinta a 2016. An ga irin wannan a Habasha da Jibuti. Hanyar yaɗuwarta a fili take: inda ake ba wanda gwaji ya kama magani kaɗai, ƙwayar da gwaji ba ya gani ita ke tsira ta koma cikin sauro. Nasarar na'urar ce ke renon abin da zai kayar da ita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce duk inda irin wannan ɓatan ya haura kashi 5 cikin ɗari, a koma tsinken da ke neman wani furotin na daban mai suna LDH, wanda ƙwayar ba za ta rayu ba tare da shi ba, kuma yana ɓacewa daga jini cikin 'yan kwanaki bayan magani, ko da yake na farkonsu ba su kai na HRP2 kaifin gani ba. Abin lura a labarin Eritriya shi ne ba ta hanyar watsi da gwaji aka gano matsalar ba. An gano ta ne saboda akwai masu madubi da ke kwatanta amsoshin biyu suna rubutawa. Likitan da ya ga yaro a galabaice kuma layi ɗaya ya fito, abin da ya kamace shi ke nan: ya nemi madubi, ya yi magani gwargwadon abin da ya gani in hali ya tsananta, ya kuma kai rahoto.

'Yan Afirka ma sun sa hannu a ƙirƙirar. Eddy Agbo, ɗan Nijeriya da ya kafa kamfanin Fyodor Biotechnologies a Baltimore ta Amurka, ya fito da tsinken da ke neman ɓurɓushin HRP2 a fitsari maimakon jini, aka ƙaddamar da shi a Nijeriya a 2015, kuma ya samu ɗaya daga cikin kyaututtukan ƙirƙira na Afirka a 2016. Ya kawar da allura, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga uwa a gida, sai dai tunda furotin ɗaya yake farauta, duk ƙwayar da ta ɓuya wa na jini shi ma ta ɓuya masa. A Dakar, Cibiyar Pasteur ta buɗe masana'antar diaTROPIX a 2020 tare da kamfanin Mologic na Ingila, wanda Paul Davis, ɗaya daga cikin waɗanda suka yi aikin Clearblue, yake cikin waɗanda suka kafa. A 2025 kuma kamfanin Codix Bio da ke Shagamu a jihar Ogun ya samu lasisin ƙera tsinken gwaji da fasahar SD Biosensor ta Koriya ta Kudu, ta wani shiri na Hukumar Lafiya ta Duniya. Ƙera shi a gida zai rage kwanakin da kaya ke yi a jirgin ruwa da tashar jiragen Legas cikin zafi, zai kuma rage irin halin da aka shiga a 2020, lokacin da manyan kamfanoni suka karkata ga gwajin korona mai riba aka shiga fargabar ƙarancin na maleriya. Amma zuba roba da yanka takarda su ne ɓangare mai sauƙi. Abin da zan so in ga an tambayi kowace sabuwar masana'anta shi ne daga ina antibodinta da takardar nitiroselulos suke zuwa, wane ɗakin gwaji ne mai zaman kansa ke duba kowane rukunin kaya kafin ya fita, kuma ko tana iya sauyawa daga HRP2 zuwa LDH cikin watanni idan binciken jini a jihohinmu ya nuna cewa lokacin yin haka ya yi.